Ƙugiya a Kan Teku, Sikeli a Dawanau

Laccar da aka gabatar a Achilafiya, ƙasar Kazaure

 



Na san da aka ce za a yi lacca a Achilafiya a kan na'urorin da ke ɗaukar kwantena a cikin jiragen sojan ruwa, wasu sun yi murmushi. Daga nan zuwa bakin teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, kuma babban ruwan da yawancinmu muka sani shi ne dam ɗin Kazaure. Irin wannan murmushi aka yi a 2021, lokacin da aka ji rundunar sojan ruwan Najeriya, a zamanin shugabancin Awwal Zubairu Gambo, za ta kafa sansani a Kano. An sha barkwanci, ana tambayar ko a dam ɗin Tiga za a jefa jirgin. To yau ga kwalejin rundunar nan a Dawakin Tofa, kuma abin da aka kafa ta dominsa shi ne koyar da harkar guzuri da jigilar kayan yaƙi. Ƙaramar hukumar da kwalejin take ita ce dai ƙaramar hukumar da kasuwar Dawanau take. Ni a wurina wannan maƙwabtaka ta yi daidai, domin sojan ruwa da ɗan kasuwar hatsi ciwon kansu ɗaya ne: kaya masu nauyi su tashi daga nan su isa can, a kan lokaci, ba tare da an nemi wani abu an rasa ba.

Bari mu fara da akwatin kansa, wato kwantena. Kafin 1956, lodin jirgin ruwa aikin 'yan dako ne galibi. Buhu-buhu, ganga-ganga, ɗauri-ɗauri ake shiga da kaya, jirgi ya yi mako guda ko fiye a tasha, a fasa wannan, a sace wancan. Wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ya ga cewa ɓarnar lokaci ce a sauke kayan mota a sake loda su ɗaya bayan ɗaya. A ranar 26 ga Afrilu, 1956, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan wani tsohon jirgin dakon mai da ake kira Ideal X, daga Newark zuwa Houston. Da aka yi lissafi, lodin tan ɗaya da hannu yana cin kusan dala 6, lodinsa a akwati bai kai santi 16 ba. Injiniyansa, Keith Tantlinger, shi ya ƙera makullin da ke shiga ramin kusurwar akwati, a murɗa shi ya kama. Ku riƙe wannan kusurwa a zuciya. A ƙarshen shekarun 1960 ƙasashe suka daidaita a kan girma ɗaya: tsawo ƙafa 20 ko 40, faɗi ƙafa 8, kuma ramukan nan na kusurwa suna wuri guda ko a Sin aka ƙera akwatin ko a Jamus. Kwantenar da kuke gani an yanke mata taga ana sayar da katin waya a cikinta a Kazaure, ita ma da waɗannan ramuka ta zo.

Yaƙi ne ya ba akwatin nan ƙarfi. Sojan Amurka sun yi amfani da ƙananan akwatunan ƙarfe tun yaƙin Koriya, amma a Biyetnam ne kaya suka yi musu yawa, tashar Saigon ta cushe, har a 1967 suka ba kamfanin McLean kwangilar kai kwantena Cam Ranh. Daga nan soja bai sake rabuwa da ita ba.

Sai dai kwantena tana da sharaɗi, tana son tasha. Tana son gaɓa mai zurfi da aka daɓe da kankare, da ƙugiya mai tsayi wadda ƙafafunta ke kan ƙasa mai ƙarfi. A irin wannan wuri na'ura ta daɗe da karɓe aiki. Tun 1993 tashar Rotadam a ƙasar Holan take da motocin ɗaukar kwantena marasa direba, kuma a ƙarshen 2017 Sin ta buɗe sashe na huɗu na tashar Yangshan kusa da Shanghai, inda masu tuƙa ƙugiya ke zaune a ofis gaban kwamfuta. Wannan duk a ƙasa ne, ƙasa kuwa ba ta motsi.

Sojan ruwa shi ba ya samun wannan gata. Tashar da yake so, ko abokin gaba ya riƙe ta, ko an ragargaza ta, ko ma babu ita. Dole a tsakiyar ruwa ya miƙa kaya daga babban jirgi zuwa ƙarami. Ga abin da ke faruwa a nan. Jirgi a kan teku motsi shida yake yi a lokaci guda: ya hau ya sauka, ya zame gaba ya zame baya, ya gusa dama ya gusa hagu, ya yi tangaɗi gefe da gefe, ya sunkuyar da goshi ya ɗaga, ya kuma karkata kai. Jirgin da zai karɓi kayan shi ma yana nasa shidan, kuma ba sa tafiya tare. A tsakaninsu ga akwati mai iya kai tan 30 yana reto a igiyar ƙarfe. Ku ɗauka kamar mutum yana kan raƙumi yana so ya miƙa tulu cike da ruwa ga wani da ke kan nasa raƙumin, duka biyun suna sassarfa, kuma ba a yarda ɗigo ya zube ba. Idan akwatin ya sauko daidai lokacin da jirgin ƙasa ke tasowa, sai su yi karo, ko benen jirgi ya ɓurme ko a murƙushe mutum. Ko a tudu ma ƙugiya ba abin wasa ba ce. Duk muna tuna wadda guguwa ta kayar a Masallacin Harami a Satumban 2015, da rayuka fiye da 100 da suka salwanta, Allah ya jiƙansu.

Ofishin bincike na sojan ruwan Amurka ya sa kamfanin Oceaneering ya ƙera wata ƙugiya domin wannan matsala, aka kafa ta a kan jirgin Flickertail State, aka gwada ta a tekun Meziko a 2010. Hannu biyu gare ta a haɗe. Babban hannu shi ke kai akwatin kusa. A bakinsa kuma akwai ƙaramin sashe mai igiyoyi da yawa, kowace da injinta. Na'urorin jin motsi da kyamarori suna auna tangaɗin jirgin da ƙugiyar take kai da na wanda za a sauke wa kaya, kwamfuta tana lissafi ba ƙaƙƙautawa, ta ja wannan igiya ta saki waccan, har akwatin ya daina bin motsin jirginsa ya koma bin motsin jirgin da zai sauka a kai. Mai kallo daga jirgin da za a sauke wa kaya sai ya ga kamar akwatin ya tsaya cak, alhali shi da benen da yake tsaye a kai ne ke hawa da sauka tare. A wannan gwaji an sauya wa kwantena 128 jirgi, igiyar ruwa tana kai mita ɗaya. Aikin da kan ci mutum kusan goma, mutum uku suka yi shi. Mita ɗaya fa, jama'a. Teku kuwa idan ta yi fushi takan ninka haka sau biyar ko fiye.

Wannan a waje ke nan. A cikin jirgi akwai wata wahalar. Jirgin 'yan kasuwa jera akwatuna yake yi ɗaya kan ɗaya har sama, domin ya san tashar da zai sauke kowanne, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita. Kwamandan soja kuwa yau magani yake so, gobe tayar mota, jibi harsashi, kuma abin da yake so sau da yawa shi ne na can ƙasa. Ga wuri a matse, ba filin da mota za ta yi kwana. Shi ya sa tun shekarun 1980 sojan ruwan Amurka suka sayi haƙƙin wata taya da wani injiniyan Suwidin, Bengt Ilon, ya ƙirƙira. Tayar tana da ƙananan gare-gare a jikinta a karkace, ta yadda abin hawa zai iya tafiya gefe ko ya juya a inda yake tsaye ba tare da sitiyari ba.

Ingila ta bi ta wata hanyar a babban jirginta mai ɗaukar jiragen yaƙi, Queen Elizabeth, wanda ya shiga aiki a Disamban 2017. Kamfanin Babcock ya shimfiɗa layukan dogo a cikin rumbunan makamai, da ƙananan na'urori 56 da ke bin layukan. Su ɗauko bam a kan katakonsa, su kai shi lif, lif ya hau da shi, mutum yana nesa yana ba da umarni. Jirgin yana da nauyin tan 65,000, amma ma'aikatansa, ban da masu kula da jiragen sama, ba su wuce 700 da wani abu ba, alhali manyan jiragen Amurka na da suna ɗaukar fiye da 3,000 a irin wannan aiki. Ba rumbun makamai kaɗai ya kawo ragin ba, amma yana cikin manyan dalilai. Kuma ku lura da dalilin da ya sa soja ke son rage mutane. Kowane matuƙi ɗaya yana buƙatar gado, abinci, ruwan sha, likita, albashi da fansho, kuma idan aka harbi jirgin, rai ne.

Kada ɗalibai su ɗauka duk abin da Bature ya taɓa sai ya yi. A Yulin 2017 Amurka ta ƙaddamar da jirgin Gerald Ford, wanda ya ci kusan dala biliyan 13. An sa masa lif 11 na ɗaukar makamai waɗanda maganaɗisun lantarki ke ja a madadin igiya. Ranar da aka ƙaddamar da jirgin ko ɗaya ba a karɓa a matsayin mai aiki ba, kuma sai Disamban 2021 aka miƙa na ƙarshe. Babban abin da ya hana su shi ne daidaito. Kowane lif yana ratsa ƙofofi masu hana wuta da ruwa wucewa, kuma idan ƙofa ta kauce da ɗan kaɗan, na'ura sai ta ƙi motsi. Haka a 2024, gadar da sojan Amurka suka kafa a kan ruwa a gaɓar Gaza domin sauke kayan agaji, wadda ta ci kimanin dala miliyan 230, igiyar ruwa ta ɓalle ta cikin makonni biyu, kuma kwanakin da ta yi aiki gaba ɗaya ba su wuce ashirin da 'yan kai ba kafin a kwashe ta a Yuli. A lokacin mutanen Gaza suna cikin yunwa, ga motoci a jere a kan iyakar tudu an hana su shiga. Wannan kuwa ba laifin teku ba ne.

Me ya sa sojoji suke nacewa duk da haka? Domin sun ga abin da rashin kaya ke yi. A yaƙin Fokland na 1982, Ajantina ta harbi jirgin dakon kwantena na Ingila, Atlantic Conveyor, a ranar 25 ga Mayu, da jirage masu saukar ungulu a cikinsa. Sojan Ingila da aka shirya za a ɗauka ta sama, sai da suka taka kusan kilomita 90 da ƙafa, da kaya a baya, cikin sanyi.

Yanzu na zo inda nake so mu daɗe. Duk na'urorin nan da na lissafa, ba wadda take da wayon ɗan dakon Dawanau. Ɗan dako yana ɗaga buhu ya ce maka wannan bai cika ba, ko wannan akwai damshi a ciki. Idan buhu ya yage ya san yadda zai rungume shi. Na'ura ba ta san wannan ba. Tana aiki ne kawai saboda an riga an yi mata alkawari uku: ramin kusurwa yana inda aka ce yake, nauyin da aka rubuta shi ne nauyin gaskiya, abin da takarda ta ce yana ciki shi ne a ciki. Aka saɓa ɗaya, ƙarfen biliyoyin ya zama kayan gwangwan.

Kuma an sha saɓawa. A yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, Amurka ta kai kwantena kusan 40,000 Saudiyya, sai da aka buɗe fiye da rabinsu ɗaya bayan ɗaya domin a san abin da ke ciki, saboda takardu ba su nuna ba. Bayan wannan ne suka dage da liƙa wa kowane akwati alamar da na'ura ke karantawa daga nesa. A Janairun 2007 jirgin MSC Napoli ya tsage a tekun Ingila. Da masu bincike suka auna kwantena 660 da ke samansa, suka tarar 137 sun saɓa wa nauyin da aka rubuta da fiye da tan 3 kowace. Manyan kamfanonin duniya ne fa masu kayan, ba 'yan tireda ba. Daga 1 ga Yulin 2016 doka ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai an auna ta an sa hannu. Mu da muke karanta Suratul Muɗaffifina tun muna makarantar allo, ba sai an fassara mana wannan doka ba.

Najeriya ma ta ɗanɗana nata, kuma ta hannun soja. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, ba tare da an tambayi ko tashar Legas za ta iya saukewa ba. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin ruwa wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Daga wannan abin kunya aka gina tashar Tin Can a 1977. Yau rundunarmu tana da jirgin dakon dakaru da motoci, NNS Kada, mai tsawon mita 100, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharja aka kawo a 2022, kuma a shekarar ya kai kayan sojanmu Gini Bisau. Ƙugiyarsa mutum ke tuƙa ta, kuma a ganina hakan ya ishe mu a yanzu. Ban ga hikimar sayen na'urar da in ta tsaya sai an jira injiniya daga Turai ba.

To ina ruwan Achilafiya? Ruwanta shi ne akwatin yana tahowa. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a Janairun 2023, a watan da aka buɗe tashar Lekki mai zurfi a Legas, sannan ta Funtuwa a 2024. Ma'anar tashar tsandauri ita ce a cika kwantena a nan, kwastam su duba a nan, a rufe a nan, kada a sake buɗewa sai a ƙasar mai saye. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, ta Dambatta da Kazaure da Daura ya biyo. Ga wani abin lura. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911, wanda ya kwashe dalar gyaɗa, faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Duk inda suka haɗu sai an ɗaga kwantena daga wani a ɗora a wani, kuma nan ne aikin ƙugiya.

Riɗinmu da zoɓonmu sun daɗe suna shiga kwantena, sai dai ba a hannunmu ba. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan tan 19 na riɗi, wato buhu 380 masu kilo 50. Manomi a Roni ko Gwiwa ko Babura yana sayarwa da tiya, tiyar wannan kasuwa kuma ba ita ce ta waccan ba, buhu wani a dandaƙe wani a sake. Mai saye ya kai Dawanau ko Maigatari, a can a tankaɗe, a cire tsakuwa, a auna a sikeli, a ɗinke buhu daidai wa daida. Ribar tana wajen wanda ya mayar da tiya kilo. Wanda ya zuba yashi a ƙasan buhu kuma ba mai sayen kaɗai ya cuta ba, ya karya farashin garinsu gaba ɗaya, domin daga ranar za a riƙa sayen kayan garin da ragin zato. Haka waken Najeriya ya rasa kasuwar Tarayyar Turai a 2015, saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu ya wuce ƙima.

Ba zan ɓoye wa 'yan uwanmu 'yan dako ba, aikinsu zai ragu. A Landan da New York dubban leburorin tasha sun rasa aiki cikin shekaru ashirin bayan zuwan kwantena, unguwanninsu suka mutu. A nan abin ba zai zo da wannan sauri ba, domin guminmu yana da araha kuma lantarkinmu ba shi da tabbas, amma motar ɗaga kaya guda ɗaya tana yin aikin majiya ƙarfi ashirin, kuma ta riga ta shiga manyan sito na Kano. Mutumin da ya shekara ashirin yana sungumar buhu mai kilo 100 ya san abin da ya yi wa bayansa da gwiwoyinsa. Ban ji wanda yake yi wa ɗansa fatan ya gaje shi a wannan ba.

Aikin da ke zuwa a madadinsa na masu gyara ne da masu rubutu. Ƙugiya tana da bututun mai da ke yoyo, igiyar ƙarfe da ke tsinkewa zare-zare, injin lantarki da ke ƙonewa, na'urar jin motsi da ƙurar hunturu ke toshewa. Duk wannan hannun makanike da mai walda da mai aikin lantarki yake jira, sai dai wanda ya iya karanta zanen injin, ya kuma yarda ya rubuta ranar da ya sauya mai. Muna da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon kwamfuta ta jiha, duka a Kazaure, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Kuma rundunar sojan ruwa kan ɗebi sababbin ma'aikata daga kowace jiha, Jigawa ma tana da gurbinta. Ɗan Achilafiya da bai taɓa ganin teku ba yana iya cike fom, iyo kuwa a can ake koya masa.

Ranka ya daɗe Hakimi, roƙona ga iyayen ƙasa da shugabannin kasuwa guda biyu ne. Na farko, a samu sikeli na jama'a a kasuwanninmu kafin kakar riɗi mai zuwa, a hannun wanda kowa ya amince da shi, a riƙa gwada shi da dutsen awo a gaban mutane duk ranar kasuwa, a ba manomi takardar nauyin kayansa. Na biyu, masarauta da ƙananan hukumominmu su nemi zama da hukumar jiragen ƙasa tun yanzu, a ji ko tashar Kazaure za ta sami filin lodin kaya ko ta fasinja ce kawai, domin idan an gama zuba kankare gyara yana da wuya.

Ga lokacin La'asar ya gabato. Idan shugaban zama ya yarda, a ɗauki tambayoyi kaɗan, a fara da ɓangaren ɗalibai mata.